Agogon da ake takawa

 Tun da hoton nan ya fara yawo a salula, na wani agogo mai haske da aka dasa cikin daɓen falo, tambayoyi suka yi mana yawa. Wasu na cewa daga Dubai aka kawo shi, wasu na cewa haɗin kwamfuta ne, babu shi a zahiri. Akwai shi, kuma a nan Maraɗi aka yi shi. Mu huɗu ne a wani ɗan atiliye inda muke gyaran salula da rediyo da kayan sola, mu muka haɗa shi, tare da magini guda da mai sa karo.

Mai gidan ɗan kasuwa ne, yana ginin sabon gida. Ya ga bidiyon wani otel na ƙasar waje inda lokaci ke haskawa ƙarƙashin ƙafafun mutane, abin ya shiga ransa. Da farko niyyarsa ya sa a yo masa odarsa daga Sin. To kun san yadda kaya suke tun da aka rufe iyakar Benin a 2023: abin da a da yake biyowa ta Kwatano yanzu sai ya zagaya ta Lome ya ratso Burkina, ga tsada ga jira. Ko ya iso lafiya, ranar da ya lalace wa zai buɗe shi? Wannan tambayar ce ta kawo shi wurinmu. Ya ce: "Ku yaran ga da ke ta da matattar waya, ku na iya yi min wanga abu?" Babbanmu ya ce: "Alhaji, a ba mu sati biyu mu zana, in bai yi maka ba ba ka biya ko dala." Bayan sati biyu ya ajiye kuɗin somin aiki.

Duk wanda ya ji maganar sai ya ce sabon salo ne. Mu kuwa da muka zauna zane, sai muka tuna agogon ƙasa ya girmi na bango a garin nan. Kakanninmu da inuwa suke gane lokaci. Mutum ya tsaya a rana ya auna inuwarsa da tafin ƙafarsa, a lissafin malamai tsawon mutum taku bakwai ne na ƙafar kansa, in inuwar ta ƙaru da tsawon mai ita bisa abin da ta rage da tsakar rana, la'asar ta shiga. Har yanzu akwai tsofaffin da za su dubi inuwar katanga su faɗa maka lokaci, ka duba salula ka tarar bai wuce ƴan mintoci tsakani ba. Illar inuwa ita ce ba ta aiki da dare, ba ta aiki ranar hadari, kuma a nan wajenmu sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai har inuwar ta shige ƙarƙashin mai ita.

Gardamar da ta fi cin mana lokaci ba ta wuta ba ce. Ita ce: ina za a sa ƙarfe 12? Agogon bango yana da sama da ƙasa, kowa daga gabansa yake kallonsa. Na daɓe ba shi da ko ɗaya. Mu kuma ba masu zama a jere ba ne, kewaye muke yi, wani kan kujera wani kan tabarma, kowa ta gefensa. In ka rubuta lamba, wanda ke can gefe zai ga 6 ta koma 9. Ɗaya daga cikinmu ya ce a fuskantar da shi ga ƙofa saboda mai shigowa. Wani ya ce a'a, ga kujerar mai gida, shi ya biya. Kwana uku ana wannan ja-in-ja, har shayi ya huce sau nawa. Maginin ne, dattijo wanda ko lakwal bai shiga ba, ya raba mu. Ya ce: "Ku dai kun cika wahal da kanku. Wane ne cikin garin ga bai san gabas ba? Ku sa goma sha biyu ta dubi gabas, kowa ya zamna ya san inda take." Haka aka yi. Babu lamba ko guda a jikin agogon, alamar 12 kawai ta fi sauran haske, tana gabas. Duk baƙon da ya zauna, cikin minti guda yake gane karatunsa.

Shi dai wannan dattijo ya hana abu biyu da Alhaji ya so. Ya so a rubuta sunayen salloli biyar a gefen da'irar, kowace ta haska in lokacinta ya yi. Magini ya ce abin da ake takawa da ƙafa ba a rubuta irin wannan a kansa, Alhaji ya yi shiru, ya ce gaskiya ne. Sai ya ce to a yi launin tutar ƙasa, ruwan goro da fari da kore. Aka ce ita ma tuta ba a taka ta. Daga ƙarshe ja ya zama na awa, kore na minti, alamomin 12 kuma fari mai rauni.

Ga masu son sanin cikinsa. Hasken daga wani zaren ƙananan fitilu yake fitowa, ana ce masa WS2812B, wanda kowace fitila a jikinsa ana iya yi mata umarni ita kaɗai, ta ba da launin da ake so. Mun ɗauki mai fitila 60 a kowace mita, muka yi amfani da mita 3, fitila 180 ke nan. Lissafin ya faɗa daidai: kowane minti fitila 3, kowace awa fitila 15. Koren yana matsawa taki ɗaya duk daƙiƙa 20, jan kuma duk minti 4. In suka haɗu wuri guda sai wurin ya koma rawaya, don haka ja da kore suke yi in hasken su ya gauraya. Yaran gidan yanzu sun mai da jiran rawayar nan wasa.

Mai ba da umarnin wani ɗan allo ne, Arduino Nano, bai fi tsawon yatsa ba. Amma shi ba ya riƙe lokaci in wuta ta yanke, don haka muka haɗa masa DS3231, mai ɗan batir irin na agogon hannu. Akwai mai arha, DS1307, mun ƙi shi da gangan. Ƙwayar da ke ƙirga lokaci a cikin agogo zafi da sanyi suna canza mata gudu, mu kuwa garinmu a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, da hunturu kuma sai da bargo. DS3231 yana auna zafin da kansa yana gyara ƙirgarsa, kuskurensa a shekara wajen minti guda ne. Mun ci sa'a ɗaya: Nijar ba ta ja da agogo gaba ko baya kamar Faransa, awa guda muke gaban GMT rani da damina, in an saita an saita ke nan. Kayan nan duka daga kasuwar Sabon Gari ta Kano aka kawo mana su, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, cikin ƴar leda da ba ta cika aljihu biyu ba.

Maganar kuran kuwa ba sai mun tsawaita ba. Wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma duk mun tuna yadda aka zauna daga Agustan 2023, da Najeriya ta yanke, har zuwa Maris na 2024. Agogon da ke mutuwa duk sanda kuran ya tafi ado ne kawai. Saboda haka ba mu jona shi da wutar gida ba sam. Farantin sola ƙarami mai wat 50, batir mai bolt 12, da ɗan abin da ke sauke wutar zuwa bolt 5. Da a ce fitilun 180 za su kama fari gaba ɗaya da cikakken ƙarfi, za su ja sama da wat 50. Amma agogo ƴan kaɗan yake kunnawa a lokaci guda, da muka auna bai kai wat 5 ba. Akwai kuma ɗan idon da ke jin hasken ɗaki, da rana ya ƙara ƙarfi, da dare ya rage, don kada falo ya koma gidan rawa.

Inda aikin ya zama aiki shi ne daɓen. A bidiyon da Alhaji ya gani, faffaɗan gilas ne guda ɗaya mai da'ira. Mun gaya masa ba za mu yi wannan ba. Gilas mai faɗin mita da mutum zai tsaya tsakiyarsa sai na musamman, kuma wanda aka gasa ya yi tauri ba ya yankuwa bayan an gasa shi, in ka taɓa shi da abin yanka sai ya tarwatse. Ga santsi. Gidan akwai tsohuwa, mahaifiyar Alhaji, ga yara masu gudu da jiƙaƙƙun ƙafafu. In ta zame ta karye a kan abin da muka yi, ba a maganar kuɗi kuma. Sai muka fasa da'irar gida 12, kowane gida miƙaƙƙe mai tsawon santimita 25, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Tsakiya karo ne a kan siminti, waje ma karo ne. Duk inda ƙafa ta sauka, wani sashenta na kan karo. Kowane gida gilas ne mai ninki biyu da roba a tsakani, irin wanda ko ya tsage ba ya zubewa, yana zaune kan ƙarfen da mai walda ya yi masa gado. In ɗaya ya fashe, shi kaɗai za a ɗaga a sake. Mai sa karo ma ya yi mana godiya, don yankan miƙe ya fi masa yankan da'ira sauƙi nesa ba kusa ba.

Saura ruwa da ƙura da gara. Kullum sai an goge falo da jiƙaƙƙen tsumma, kuma wanda ya ga daminar 2024 a Maraɗi ya san ruwa na iya shiga ɗakin da ba a taɓa zaton zai shiga ba. Don haka babu abin da ke cikin ramin sai zaren fitilu, shi ma mai rigar roba. Allon da batir da sauran kayan suna cikin akwati a bango, sama da ƙugun mutum, wayoyin suka bi ta cikin tiyo da aka binne kafin a sa karo. Ƙasan ramin an karkata shi kaɗan zuwa wata ƴar kafa mai tsakuwa. Ba mu sa katako ko guntu ba, gara ba ta da abin ci. Bakin gilas an bi shi da silikon. Tsakanin fitilun da gilas mun bar tazarar yatsa biyu muka shimfiɗa farar roba, don hasken ya baje ya zama layi, kada ya fito ɗigo-ɗigo yana sukar ido.

Mun ga abin da wasu suka rubuta a ƙarƙashin hoton, cewa almubazzaranci ne, a garin da unguwanni da yawa ke kwana cikin duhu wani yana haska ƙasa. Ba mu ce ƙarya suka yi ba. Abin wasa ne na mai hali, ba wanda zai mutu don ba shi da shi, kuma kowa na da lokaci a salularsa. Sai dai kuɗin nan Alhaji ya riga ya yi niyyar kashe su. Da sun tafi Sin. Yanzu magini ya ci, mai walda ya ci, mai karo ya ci, mai yankan gilas ya ci, mu ma mun biya hayar atiliye ta wata da watanni.

Akwai kuma ƙaraminmu. Shi ya rubuta umarnin da ke cikin allon, daga farko har ƙarshe, a wata tsohuwar kwamfuta da rabin fuskarta ya mutu. Ya yi karatun wutar lantarki a lise teknik ta nan Maraɗi, ya fito shekara biyu ba aikin da ya wuce canza fuskar salula. Kafin zuwan Alhaji ya riga ya fara tara kuɗin mota zuwa Agadas, daga can Jado wajen haƙar zinariya, inda abokansa biyu suke. Mahaifiyarsa ta zo atiliye da kanta ta ce wa babbanmu: "Malam, ka riƙe min yaron ga, ni na kasa." Babbanmu ya ce: "Inna, ba a riƙe namiji da baki, sai da aiki." Wata biyu da aka yi ana wannan agogo bai sake ta da maganar tafiya ba. Ranar da aka kunna, da kore ya yi takinsa na farko, fita ya yi waje ya daɗe bai dawo ba.

Ba mu ce ya fasa tafiya ba, kuɗin motar na nan a ajiye, mun sani. Abin da ke hannu yanzu shi ne mutum biyu sun yi magana, ɗaya mai gidan abinci a nan, ɗaya daga Damagaram mai son a yi masa a tsakar gida. Na tsakar gidan sai an sake tunani, don hasken rana zai cinye na fitilun, ruwan sama kuma kai tsaye zai sauka a kai. Yaron ya ce yana da dabara, yana ta zane a bayan kwalin shayi, bai nuna mana ba tukuna.

Wanda ya san mai sayar da gilas mai ninki biyu a Damagaram ko Yamai, wanda kuma zai yanka shi ƙanana ba tare da ya tsuga kuɗi ba, ya ajiye mana saƙo a nan ƙasa. Na farkon daga Kano aka kawo, biyu sun tsage a hanya.