Ƙullun Maƙwabciya

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ni kuwa ban san zurfin wannan magana ba sai da na shekara goma sha ɗaya a birnin Landan, ina ɗaki ɗaya a bene na huɗu, ban san sunan mai ɗakin da ke kusa da nawa ba, shi ma bai san nawa ba. In mun haɗu a matakala sai kowa ya ɗan kaɗa kai ya wuce. Abincina kuwa na kanti ne, a saya a ɗumama a ci a tsaye: burodin leda, soyayyen dankali, da shayi mai sukari cokali uku.

A ƙarshen shekarar 2019 likita ya auna jinina, ya zaunar da ni, ya ce sukari ya hau, saura ƙiris in shiga sahun masu ciwon. Sai gabana ya faɗi, gama wannan ciwo shi ya fara cin ƙafar mahaifina kafin ya tafi da shi. Na koma gida na gaya wa uwargida. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ba abinci kaɗai za mu sake ba, har da wurin zama."

Cikin watan Fabrairu na 2020 muka ɗaure kaya muka nufi Shefil, garin maƙeran ƙarfe da ke arewa, tafiyar mil 160 da 'yan kai. Ƙaura a Ingila ba ta jaki da tabarma ba ce. Sai ka ajiye wa mai gida kuɗin jingina, wanda doka ta 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako biyar. Sa'an nan ka rubuta lambar mitar wuta da ta gas ran da ka shiga, ka sanar da hukumar gari domin harajin gida, ka nemi sabon likita ka rubuta sunanka. Gidan da muka samu irin na ma'aikatan dā ne, na jan bulo, a jere bango ɗaya, da wani ɗan lungu da ake bi a shiga ta ƙofar baya. Ta nan ne tsakar gidanmu ta haɗu da ta wata tsohuwar Baturiya mai shekara 81, wadda 'ya'yana suka raɗa wa suna Kaka.

Ba mu gama kwance akwatuna ba sai annobar korona ta auko. Ran 23 ga Maris gwamnati ta ce kowa ya zauna gida, ban da fita neman abinci ko magani, ko motsa jiki sau ɗaya a yini. Tsofaffi kuwa aka ja musu kunne ƙwarai. Uwargida ta ce, "Malam, wannan baiwar Allah ba ta da kowa kusa. Ƙwanƙwasa mata taga ka ji ko tana bukatar wani abu." Na yi ta jan ƙafa, domin zaman Landan ya koya mini kame kai, amma dai na je. Tun daga ran nan ni ke yi mata cefane, in ajiye a bakin ƙofa, in ja da baya.

A kwanakin nan yis ya ɓace a kantuna, garin alkama ma sai mai rabo, don kowa ya koma gasa burodi a gida. Wata safiya na tarar da kwalba a bakin ƙofarmu, da wani abu a ciki mai kumfa, yana tashin tsami. Kaka ta leƙo ta taga ta ce uwar ƙullu ce, ta fi shekara ashirin a hannunta, gari ne da ruwa kurum, amma tana da rai, sai an ciyar da ita. Uwargida ta sansana ta yi dariya, ta ce, "Ashe ƙullun waina ne da ya kwana! Mu ma mun san wannan."

To, aikin ya faɗo kaina, gama ita tana aikin jinya, ba ta da sukuni. Da fari na ji nauyi, ina cewa ina ma 'yan'uwana su gan ni da gari har gwiwar hannu. Na farkon da na gasa kuwa, da an jefi kare da shi sai ya yi kuka. Amma Kaka ta yi ta gyara mini ta taga har hannuna ya faɗa. Gari giram 500, rabinsa wanda ba a cire wa dusa ba; ruwa giram 350; uwar ƙullu giram 100; gishiri giram 8. A kwaɓa, a rufe, a bari ya tashi, a naɗe shi ya kwana a firji, da safe a sa a tanda mai zafin digiri 230 har wajen minti 40. Tsamin nan ƙwayoyin halitta ne ke cin garin suna fid da iska, ita ke kumbura shi, sai dai ba sa son gaggawa. Burodin kanti kuwa, yawancinsa bisa wata dabara ake yinsa da aka ƙago a Colewud a 1961, wadda injin ke bugun ƙullu da ƙarfi a gama kome cikin 'yan sa'o'i.

Kada mai karatu ya zaci burodi magani ne. Likita ya ce ko na gida ne, yanka biyu ya isa. Amma wanda ya auna gishiri da hannunsa, ya san cewa giram 6 ne iyakar abin da hukumar lafiya ta ƙasar ta yarda babba ya ci a yini, ba ya sāke cin abu da ka. Na bar sukari a shayi. Kullum kafin ƙullu ya tashi sai in fita in hau tuddan garin, don Shefil ba ta da shimfiɗaɗɗiyar hanya sai kaɗan. Bayan shekara guda aka sāke auna ni, na rage kilo 11, jini kuma ya koma daidai. Alhamdu lillahi.

Duk ran Asabar nakan gasa biyu, ɗaya namu, ɗaya na Kaka. Da Salla ta zo muka aika mata da waina da miyar taushe, ta maido kwanon da tuffa a ciki. A 2023 ƙarfinta ya ƙare, 'yarta ta zo ta ɗauke ta zuwa kudu, ba a daɗe ba muka ji rasuwarta. Wasu samari suka kama gidan. Ran da suka sauke kaya ban jira uwargida ta tura ni ba, na naɗe burodi mai zafi a tsumma na bi lungu na ƙwanƙwasa.

Kwalbar tana nan a firjinmu, ina ciyar da ita duk mako. Na ɗibar wa mutum shida daga cikinta, kowanne kuwa na san sunansa, ya san nawa. Allah Ya haɗa mu da maƙwabta na gari, Ya sa mu ma mu zama na gari gare su, amin.