Ɗan Amshi Kafin Ya Zama Makaɗi

Mai karatu, ka saba ganin alƙalami na ya na caccakar finafinan mutane a wannan shafi. To, a wannan watan kai na zan caccaka.

Lokacin da na gama difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, gani na ke yi babu wanda ya kai ni sanin fim. In na kalli shiri, cikin awa ɗaya na zazzage masa laifi goma. Wata rana na yi wa wani darakta kaca-kaca, na ce labarin sa kwashe ne daga Indiya. Mutumin nan bai zage ni ba. Saƙo ya aiko mani mai layi ɗaya: "Malam, rubuto mana naka mu ɗauka." Na yi dariya, na share.

Ana nan, a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Babu YouTube, babu Labarina, babu Izzar So. Zaman banza ya ishe ni, sai na riƙa zuwa hira wurin wani kawu na, mutumin ƙasar Maradun da rashin tsaro ya koro ya dawo gidan mu.

A bakin sa na ji labarin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Ya faɗa mani yadda ruwa ya cinye gonaki, yadda manoma su ka gaji da jiran diyya su ka tare hanyoyi, da yadda aka rasa rayuka a watan Afrilu na 1980. Da ya gama sai ya ce, "Ɗana, ku da kunka yi boko, wa ya rubuta wanga?"

Kunya ta kama ni. Na san Turmin Danya na 1990, na haddace Sangaya da Wasila, amma abin da ya faru a bayan gidan mu sai da waya ta mutu sannan na ji shi.

A daren na ɗauki biro. Wallahi mai karatu, shafi uku su ka ci mani sati biyu! Manomi na ya na buɗe baki sai in ji ya na magana kamar jarumin fim ɗin soyayya. Duk laifin da na taɓa ɗora wa marubuta, sai ga shi a takarda ta: tsawaita hira, wa'azi babu dalili, kwaikwayo. Ashe da gaske ne, na bakin ganga shi ya fi kowa iya kokawa.

Kawu ne ya sake ba ni haske. Ya tuna mani da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura wanda duniya ta sani da sunan Maradun. Kafin ya tsaya gaban Sardauna Ahmadu Bello ya yi masa waƙa, sai da ya yi amshi a bayan mahaifin sa. Ya rasu a 1991, amma har gobe ana sauraron sa. Ni kuwa so na yi in zama makaɗi ban taɓa yin amshi ba.

Ban daina sharhi ba, domin fim maras kyau sai an faɗa. Abin da ya sauya shi ne, yanzu sai na kalli shiri sau biyu kafin in ce uffan, kuma in na nuna ɓaraka sai na faɗi yadda za a ɗinke ta.

Kawu ya rasu bara, Allah ya jiƙan sa. Labarin na nan a akwati na, na sake shi sau huɗu, bai gamsar da ni ba tukuna. Shi kuwa daraktan nan, na nemi lambar sa na ba shi haƙuri. Ya ce har yanzu ya na jira.

Kai fa mai karatu, akwai tsoho a gidan ku? Ajiye wayar nan ka je ka zauna kusa da shi tun ya na da rai. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.