Bangon Banɗakin Inna

A watan Agusta na shekarar 2023 muka je gida Suleja hutu, muka tarar bangon ɗakin mahaifiyarmu ya yi baƙi daga ƙasa har tsayin gwiwa, fenti yana ɓarewa, warin fumfuna kuwa tun daga bakin ƙofa. Akwatin littattafan marigayi mahaifinmu, wanda ke jingine da bangon, ya sha laima har takardun sun manne da juna. Ita kanta Inna tari ya hana ta barci. Da muka tambaye ta abin da ya hana ta aiko mana, sai ta ce, "Ai ku kuka yi mini gyaran, yaya zan kushe?"

Gaskiya ta faɗa. Shekara uku kafin nan, mu ne muka gina mata banɗaki manne da ɗakinta, domin mu hutar da ita fita tsakar gida da asuba. Muka sa shawa, muka lulluɓe bangon da allon roba mai sheƙi, wanda ake kira PVC, saboda araha da saurin aiki. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, Suleja ta cika da ma'aikata da sababbin gine-gine, kayan zamani kuma suka wadata daga kasuwar Dei-Dei har shagunan cikin gari. Ido ya gani, zuciya ta so, ba mu nemi shawarar kowa ba.

Muka kira wani dattijon magini na unguwarmu. Ya ɓalle allo ɗaya, sai ga bulo tsirara babu shafe, katakon da aka kafa allunan a kai ya ruɓe, kyankyasai suna ta gudu. Ya dube mu ya ce, "Dakta, robar ba ta da laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Wato ruwan wanka yana bi ta mahaɗar alluna da gefen famfo, ya kwanta a baya inda babu iska, bulo kuwa ya tsotse shi ya miƙa wa ɗakin Inna.

A bakinsa muka koyi abin da karatun adabi bai koya mana ba. Katako da filawud suna kumbura in sun jiƙa, ga kuma gara. Allon farar ƙasa, irin wanda ake yin silin da shi, narkewa yake yi in ruwa ya dame shi. Allon siminti ba ya ruɓewa, amma yana shan ruwa, don haka sai an shafe shi da maganin hana yoyo. Allon roba ruwa ba ya ratsa shi, sai dai amincinsa ya ta'allaƙa ga gam ɗin da aka toshe mahaɗarsa da shi. Tayil ma, wanda aka fi yarda da shi, farin simintin da ke tsakaninsa yakan bar ruwa ya wuce. Ke nan duk wanda mutum ya zaɓa, abin da ke bayansa shi ne mai tsaron gida.

Magabatanmu sun san haka tun tuni. Sukan jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su shafe bango da daɓe da ita. Sukan haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara, su yaɓe soro da shi domin damina. Kariyar a jikin bangon take, ba a rigar da aka sa masa ba. Daɗin daɗawa, a nan Suleja, lokacin tana amsa sunan Abuja, Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Tulunanta da aka yi wa shafen gilashi aka gasa da wuta mai tsanani sun daina tsatsafa, ba kamar randar gida ba, wadda tsatsafarta ke sanyaya ruwa. Tayil ma yumɓu ne da aka yi wa irin wannan shafe. Mun taso kusa da wannan ilimi, amma ba mu taɓa tambayar yadda ruwa ke bi ta jikin ƙasa ba, sai da ya shiga ɗakin uwarmu.

Muka cire allunan duka, muka bar bangon ya sha iskar hunturu har ya bushe. Aka yi shafe da siminti haɗe da maganin hana yoyo, aka ɗora tayil daga ƙasa har sama da kai. A ƙasa aka sa mai kaushi saboda santsi, aka karkatar da daɓen zuwa rariya, aka faɗaɗa taga, aka kafa ƙarfen dafawa. Kuɗin ya ninka na farko. Araha ba ta ado.

Damina biyu ke nan bangon a bushe, tarin Inna kuma ya lafa. Littattafan Baba kuwa, rabinsu kawai muka ceto. Sauran suna nan a cikin akwatin, Inna ta hana a zubar.