Ido Ba Ya Ganin Dafin Rijiya

A shekarar 1950 ko 1960, in an ce wa manomin Anka zinariya za ta kashe 'ya'yansa, sai ya yi dariya. Amma a 2010 abin ya auku. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a ƙasar Zamfara, suka riƙa kwaso duwatsun zinariya daga ramukan haƙa, suna niƙawa a cikin gidajensu. Ashe duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurarsu ta bi tsakar gida, ta shiga abinci, yara masu rarrafe suka yi ta haɗiya. Yara kamar 400 suka rasu.

Da aka gane sanadin, sai aka kama aikin gyara. Aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da waɗansu ƙauyuka, aka kai ta bayan gari aka binne cikin manyan ramuka, aka zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka gyara ta. To, ƙasa kam an sake ta. Saura ruwa, shi kuwa ba ya kankaruwa.

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne, amma dalma ba ta sa ruwa tsami. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta kuma gurɓata launinsa. Rijiya tana iya ba da ruwa garai-garai, alhali dafi na ciki. Tafasawa ma ba ta fitar da ita. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade shi ne kada dalma ta wuce maikirogiram 10 cikin lita guda, wato a raba giram ɗaya kashi miliyan, a ɗebi goma. Wane ido zai ga wannan?

Saboda haka sai awo. A 2010 ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya suka auna ruwan waɗansu ƙauyukan, suka sami rijiyoyin da suka wuce ƙa'ida. Amma a ganinsu dafin ta baki ya faɗa, wato ƙura da ƙasa, jijiyar ruwan da ke ƙarƙashi ba ta ɓaci ba. Wannan labari ne mai daɗi, gama bakin rijiya yana gyaruwa: a ɗaga shi da siminti, a yi masa murfi, a daina yar da guga da igiya a ƙasa.

Sai dai awo ɗaya ba ya isa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiyar hawainiya yake yi, dafin da ya tsiyaya bana yana iya shekaru kafin ya iso rijiya. Don haka a wuraren da ake gyaran ma'adinai akan haƙa siraran rijiyoyi kewaye da inda aka binne datti, a riƙa ɗiban ruwansu cikin kwalabe masu tsabta, rani da damina, a rubuta sunan rijiya da ranar ɗiba, a gwada na bana da na bara.

Nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci zai amfani garinsu. In ma'auna sun zo, ya tambaye su abin da suka samu, ya rubuta a littafi, ya karanta wa mai gari da iyayen yara. In sun daɗe ba su zo ba, ya ɗauki alƙalami ya tuna wa hukuma.