Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Kusan kowane gida a cikin birnin Kano yana da lungun da ake jibge kayan da aka daina amfani da su: akushin kaka, tasar tagulla da ta yi baƙi, fitilar ƙwai da gilashinta ya fashe, turmin da gindinsa ya tsage. Yawanci ƙarshensu murhu ne, ko hannun 'yan gwangwan, a ɗora a sikeli a biya kuɗin nauyi. To, irin waɗannan kaya su ne sana'ar kawuna a Kasuwar Kurmi, kuma su ne suke biya mini kuɗin makaranta tun da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa ina aji biyu na ƙaramar sakandare.

Ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu nake zuwa rumfar. Kurmi tsohuwar kasuwa ce, an kafa ta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, don haka tsohon kaya bai zama baƙo a cikinta ba. Kayanmu ta hanyoyi uku suke zuwa: dillalai mata masu shiga gida-gida, iyalan da suka gama rabon gado, da kuma 'yan gwangwan ɗin kansu, waɗanda muke tara kafin su kai kaya wurin narkarwa.

Abu na farko da Kawu ya ba ni ɗan mayen ƙarfe ne. Tagulla ba ta kama mayen ƙarfe. Idan ka kara shi a jikin tasa ya manne, to ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanke tagullar kuwa da lemon tsami da toka muke yi, ko ruwan tsamiya. Sai da muka zo darasin sinadarai a makaranta na gane dalili: tsamin ne yake cinye dattin da iska da danshi suka haifar a saman ƙarfen. Ranar nan ni na fi kowa ɗaga hannu a aji.

Amma ba kowane abu ake wanke wa tsufa ba. Akushi baƙinsa shi ne darajarsa, sai dai a goge ƙura a shafa masa ɗan mai. Ƙwaryar da gyartai ya ɗinke ma ba ma ɓoye ɗinkin, domin akwai masu sayen da shi ɗin suke nema. Wanda ya lalace har ba ya iya aikinsa na asali kuwa, sai mu ba shi wani aikin. Tsagaggen turmi a kife shi a kankare, ya zama ɗan teburin falo. Fitilar ƙwai a cire lagwani a sa mata ƙwan lantarki mai caji. Faya-fayi biyar ko bakwai masu launi daban-daban a jera su a bango. Tsohuwar langa da ta huje a zuba mata ƙasa a dasa fure, hujin ma ya zama mafitar ruwa.

Masu sayen sun haɗa da amare masu son falonsu ya bambanta da na kowa, da masu gidajen abinci, da masu ƙawata wurin kamu, da masu shirya fina-finan Hausa idan labarin na zamanin da ne. Ni ne nake ɗaukar hoton kayan da wayar Kawu in sa a WhatsApp, ni ne kuma nake riƙe littafin ciniki: nawa aka saya, nawa aka kashe wajen gyara, nawa aka sallama. A nan na fahimci cewa kuɗin da ke cikin aljihu da yamma ba duka ne riba ba.

Akwai ranar da wata dattijuwa ta kawo tasoshin Bidda guda huɗu a ƙunshe cikin zane. Na mahaifiyarta ne, jikanta kuma yana kwance a asibiti. Ta faɗi kuɗin da ko na guda ɗaya bai kai ba. Kawu ya juya su, ya duba zanen da aka buga a jiki, ya ce, "Inna, kayan nan sun fi haka. Ki sayar mini da biyu, kuɗin zai ishe ki maganin, ki koma da biyu gida." Da ta tafi ya ce mini, "Ɗana, wanda bai san darajar abinsa ba amana ne a hannunka." Haka kuma ba ya sayen kaya a hannun yaron da ba a san daga inda ya ɗauko ba. Abin da ya ga alamar na tarihi ne sosai, kamar kayan sarauta ko wanda aka tono daga ƙasa, ba ya taɓawa, domin doka ta hana cinikinsu da fitar da su waje ba tare da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Irin waɗannan wurinsu Gidan Makama.

Wasu 'yan ajinmu suna kirana ɗan bola. Yana yi mini zafi, musamman a gaban mutane. Sai dai da aka zo ranar al'adu a makarantarmu, su ɗin ne suka biyo ni aron tulu da akushi da ludayi, wasunsu ma ba su san sunan abin da suke nema ba. Kuɗin rajistar jarrabawar fita da zan zauna bana ma daga wannan bolar suka fito.

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun nan ku leƙa ɗakin kakanninku. Kada ku ɗauki komai sai da izini. Ku tambaye su sunan kowane abu, da wanda ya ƙera shi, da abin da ake yi da shi, ku rubuta a littafi. Wanda ya ga yana da sha'awar sana'ar, ya fara da abu ɗaya: ya wanke, ya gyara, ya tambayi masu rumfa nawa yake yi kafin ya sa kuɗi.