Bitar Kalmomin Adabi a Bakin Dajin Rugu

A duk shekara, idan jarrabawar WAEC da ta NECO suka ƙarato, malaman Hausa na sakandare sukan duƙufa ga bita. Allo yakan cika da jigo da salo da zubi da tsari, da kamance da siffantawa da jinsintarwa da alamtarwa. Kalmomi ne masu tushe. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa da yawansu a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka irin wannan hidima a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ga kuma Hausa Metalanguage na 1990 wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. An ƙera su ne domin su zama wuƙar fiɗa. Sai dai kafin su isa ajin ƙauye, sau da yawa sun rikiɗe sun koma abin hadda.

Wani malami da ya daɗe yana koyar da Hausa tsakanin Batsari da Safana ya ga haka ƙuru-ƙuru. Ƙananan hukumomin biyu suna bakin dajin Rugu, kuma ɗalibansa sun tashi cikin shekarun da karatu ya riƙa yankewa. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a yankin. Iyalai da dama suka bar ƙauyukansu zuwa cikin gari ko Dutsin-Ma ko Katsina. Ɗalibin da ya rasa zango guda ko biyu, kuma jarrabawa ta sako shi gaba, hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta masa ma'anoni ya haddace.

Haddar kuwa takan zauna. Yaro zai karanto ma'anar mutuntarwa ba tuntuɓe. Amma da malamin ya ba su wani yanki na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ya tambayi dalilin da ya sa aku ke jan labari har gari ya waye, sai ajin ya yi tsit. Sun karanta cewa Musa yana son fita, sun karanta cewa aku ya fara labari, amma igiyar da ta ɗaure biyun, wato dabarar tsare ɗan sarki daga makircin Waziri, ba su gan ta ba. Kuma babu wanda ya lura cewa tsuntsun da ke ba da labari da hikimar dattawa shi ne mutuntarwar da suka haddace.

Abin da ya tsaya wa malamin a rai shi ne, waɗannan yara ba su rasa basirar gano ɓoyayyar ma'ana ba. A gidajensu ba a cika kiran 'yan bindiga da sunansu ba. Akan ce “mutanen daji”, ko a ce “an yi baƙi jiya”. Ɗan shekara goma ya san irin baƙin da ake nufi, daga muryar mai magana da lokacin da aka faɗa. Wannan shi ne sakaya zance, kuma ƙwarewar da ke warware shi ita ce dai wadda tambayar auna fahimta ke nema: a haɗa abin da aka faɗa da abin da aka bari.

Saboda haka ya juya tsarin bitar. Yakan fara da maganar da suka sani, sunan fannin ya biyo baya. Bai mai da tashin hankali darasi ba, domin a ajin akwai marayunsa. Ya fi ɗauko misali daga gona da kasuwa da tarihin ƙasar. Ɗanwaire, jarumin Ruma, wanda kirarinsa ya mai da shi gwanki, ya buɗe ƙofar dabbantarwa. “Damina ta yi fushi” ta kawo mutuntarwa. Habaicin kishiyoyi ya koya musu bambancin abin da baki ya furta da abin da zuciya ta nufa. Wata ɗaliba ta taɓa ce masa, “Malam, ashe abin da Inna ke yi kullum ne aka sa wa suna?” Ya ce, “Shi ne, 'yata. Saura ki gane shi a takarda.” Daga nan sai su koma ga matani, kowa ya ja layi ƙarƙashin jimlar da ta zama hujjar amsarsa.

Akwai rabon da ya rataya a wuyan masana. Malaman waɗannan makarantu suna fitowa ne daga wurare irin su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma yadda aka koya musu kalma, haka za su miƙa ta. Idan an ba su ita a jeri, a jeri za su bayar. Ga kuma saɓanin sunaye: wani littafi ya ce ƙafiya, wani ya ce amsa-amo, wannan ya ce kamance, wancan ya ce kamantawa. A zauren taron ƙara wa juna sani wannan yalwa ce. Ga ɗalibin Safana da ke karo-karon littafi ɗaya da abokansa, tarko ne.

Abu biyu za su rage masa nauyi: a daidaita sunan da za a yi amfani da shi a matakin sakandare, sannan kowace kalma ta zo da misali daga maganar yau da kullum kafin misalin littafi. Yaron da ya iya gane baƙin da ba a ambaci sunansu ba, zai iya gane nufin aku, muddin aka nuna masa cewa aikin ɗaya ne.