Zuwa ga Uwata, a Daren da Za Ki Shiga Lakwal

Cirozerin, Oktoba 2025

Uwata,

Kin yi barci tun bayan isha'i, rungume da jakar nan shuɗiya da na sayo miki a kasuwar Agadas. Innarki ta so ta rataye ta a ƙusa, kika ƙi sam. Na leƙa ciki ɗazu: allon lakwal, alli uku, ɗan tsumman gogewa da innarki ta yanka daga tsohon zanenta, da dabino biyar da ba wanda ya ce ki sa. Gobe za ki shiga CI, ajin farko. Ni kuwa barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na fito tsakar gida da littafin da nake lissafin buhuna, na juya shi ta baya ina rubuta miki wannan. Zan ba innarki ta ajiye a ƙasan akwatinta har ranar da za ki iya karantawa da kanki, ba tare da kowa ya riƙe miki yatsa ba.

Na san wata rana za ki tambaya. Za ki ga ƴaƴan kawunki sun zo hutu daga Agadas da rigunan makaranta masu guga, suna juya Faransanci a baki, ki ce me ya sa Baba ya bar ni a lakwal ɗin unguwa alhali Kawu ya ce a kawo ni. Ina so ki ji amsar daga bakina, kada wani ya ce miki rowa ce, ko don ke mace ce.

Kawunki ya yi zumunci, Allah ya saka masa da alheri. Bayan ƙaramar salla ya zo har gida ya ce a ba shi ke, ki zauna wurinsa, ya sa ki makarantar kuɗi inda ƴaƴansa suke, rabin kuɗin ma shi zai biya. Ya ce bara duk yaran da suka kai jarrabawar sartifika sun ci, ɗari bisa ɗari. Maganar ta shiga raina ƙwarai. Sartifika ita ce jarrabawar ƙarshen firamare, wadda ake kira CFEPD. An ɗauke ta kusan shekara goma, sai a 2024 aka dawo da ita, kuma tun daga nan iyaye ba su da hira sai ta wace makaranta ce ta fi fitar da yara. Da na kai kaya Agadas sai na bi ta can. Gini mai kyau, ƙofar ƙarfe, an manna sunayen waɗanda suka ci a jikin bango, rana har ta fara cinye tawadar. Darakta ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya ce kafin su ɗauki yaro, ko na CI ne, sai sun gwada shi, kuma sun fi son wanda ya yi ajin share fage. Na ce to, wanda kuka ɗauka ya zo ya kasa fa? Ya ce idan an kai CM1, aji na biyar, aka ga ba zai iya ba, sai a kira iyayensa a ba su shawara su nema masa wani wuri. Bai ɓoye ba, kuma bai ga laifin abin ba.

Na fito na tsaya gaban sunayen nan na daɗe. Kin san sana'ata albasa ce, kin sha zama kusa da ni ina tsince ta a kan tabarma. Idan na ware duk wadda ta ji rauni, da wadda ta fara laushi, da ƙanana, na cika buhu da zaɓaɓɓu, na kai kasuwa na ce babu ruɓaɓɓa ko ɗaya, ban yi ƙarya ba. Sai dai wannan buhu shaidar iya tsinta ce. Mai son ya san manomi sai ya bi shi garka, ya ga nawa ya dasa, nawa ya kai ga cira. Kakanki na wurin uwa, da yake jan ruwa da raƙumi a bakin kori, ban taɓa ganin ya tuge dashe don ya yi ƙyamushe ba. Taki yake ƙara masa, ya karkato masa ruwa. Na ce a raina, makarantar da nake nema wa ɗiyata ita ce wadda idan ta yi rauni a aji uku ba za a kira ni a ce in zo in ɗauke ta ba.

Ina da dalilin wannan tsoro. Ni ma an sa ni lakwal a ƙauyenmu, can wajen Galmi. Shekara takwas har da maimaici ina bin mushe, malamin aji, da baki. Ya faɗa, mu amsa gaba ɗaya, muryata ta fi ta kowa ƙarfi. Na haddace shafuka, amma da za a rufe hoton da ke saman shafi a ce in karanta layi na uku, sai in tsaya ina kallon ƙasa. Ba wanda ya gane, don muna da yawa, ni kuma ban taɓa faɗa ba saboda kunya da tsoron bulala. Sau biyu na zauna sartifika, sau biyu na faɗi. Babana, Allah ya jiƙansa, ya ce to ga gona nan. Sai da na yi gemu, a ajin yaƙi da jahilci na dare, wani malami ya rubuta mini albasa a allo da Hausa, ya raba ta gaɓa-gaɓa: al, ba, sa. Wallahi Uwata, a daren nan ne haruffa suka fara yi mini magana. Cikin ƴan watanni na iya abin da shekara takwas ba su ba ni ba, kuma da wannan karatun nake rubuta miki yanzu.

Na daɗe ina zaton kaina ne ba ya ja. Daga baya na gane mu da yawa ne. Akwai wani gwaji da ake yi wa ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ana kiransa PASEC. A na 2014, cikin yaran Nijar 100 da suka kai ajin ƙarshe, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 ba. A na 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen 30. An samu ci gaba, amma ki tuna da sauran 70 ɗin. Yara ne da suka yi shekara shida suna sammako, iyayensu na gida suna zaton ana karatu. Yaro ya taso da Hausa ko Tamajak, ranar farko a tare shi da harshen da ko a mafarki bai taɓa ji ba, a ce ya koyi harshen, ya kuma koyi karatu a cikinsa lokaci guda. Masana na ƙasar nan sun ga matsalar tun tuni. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake fara karantar da yara da Hausa, daga baya aka ƙara da Tamajak da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci. Bana kuma, a watan Maris, sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. Ina roƙon Allah kafin ki gama firamare maganar ta sauko daga takarda ta shigo aji.

Da na dawo Cirozerin daga Agadas muka zauna da innarki. Garin nan yana da rabo ta fuskar makarantu idan aka kwatanta da zangon makiyaya da ke cikin duwatsun Abzin, inda yaro sai ya yi doguwar tafiya a ƙasa ko ya bar iyayensa ya kwana a makaranta. Akwai ta ƴan mishan, wadda ta daɗe tana karantar da ƴaƴan makiyaya. Akwai madarasa mai haɗa Larabci da Faransanci, irin wadda aka fara a garin Sayi a 1957, kuma can zuciyar innarki ta karkata, don tana so ki san addininki da tushe. Akwai na gwamnati a unguwanni. Kwana uku muna juya maganar. Muka daidaita a kan cewa allonki na wurin Malam ba abin da zai taɓa shi, kullum da yamma za ki je, ni kuma in zagaya in ga makarantun da idona kafin a yanke.

Safiya uku na bar kasuwa, a watan Mayu, ana tsakiyar zafi. A wadda na zaɓa miki na roƙi darakta ya bar ni in zauna a bayan ajin CP, aji na biyu. Ya yi mamaki, amma ya sa aka kawo mini benci. Madam ɗin ajin siririya ce, muryarta ba ta da ƙarfi. Ta faɗi kalma, yara suka duƙa suna rubutu, ta buga tebur, alluna suka tashi sama gaba ɗaya. Ba ta tsaya a gaba ta ce ya yi kyau ba. Sai ta shiga tsakanin layuka tana duba allo ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan yaro a layin ƙarshe, kusa da ni, ƙafafunsa duk ƙura, ya juya wa b ciki ta koma d. Ta tsuguna gabansa, ta yi masa magana da Tamajak a hankali, ta kama yatsansa ta zana harafin a ƙurar da ke kan benci, sau uku, har ya zana shi kaɗai. Ya ɗago ya kalle ta. Na san wannan kallon, don shekara takwas na yi ina jiran wanda zai tsuguna gabana haka.

Daga nan ta rubuta wata jimla a babban allo, wadda ba ta cikin littafi, ta kira wata yarinya ta karanta. Yarinyar ta fara, ta yi tuntuɓe a kalma ta uku, ta koma baya, ta haɗa gaɓoɓin tana motsa leɓe, sannan ta wuce har ƙarshe. Tuntuɓen nan ne ya kwantar mini da hankali. Mai hadda ba ya tuntuɓe, zubawa yake yi kamar ruwan buta. Wanda ya tsaya ya koma baya, shi ne yake kallon haruffan da gaske.

Na koma wurin darakta na yi masa tambayar da na dawo da ita daga Agadas: yaran da suka shiga CI shekara shida da suka wuce, ina suke? Ya ciro tsohuwar rajista, bangonta ya yage, muka bi sunaye da yatsa. Wannan iyayensa sun koma Arlit. Wannan ya bi dabbobi. Waɗannan biyu an yi musu aure, ya faɗa yana girgiza kai. Sauran, mafi yawansu, ga su nan a makaranta, har da waɗanda suka maimaita aji. Ya gaya mini sakamakonsu na sartifika bai kai ɗari bisa ɗari ba, bai kusa ba ma, kuma duk wanda ya kai ajin ƙarshe suna kai shi jarrabawa, mai ƙarfi da mai rauni. Na fi yarda da wannan rajistar a kan takardar da aka manna a bango.

Na duba sauran abubuwan da uba yake dubawa. Ajinku na bulo ne da rufin kwano. Ban manta da gobarar Maraɗi ba, a Nuwamban 2021, da ta cinye ajin zana da yara sama da 20 a ciki, ƴan shekarunki, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Tun ranar na yi alkawari ba zan sa ki a rumfar kara ba, ko da wane ne malamin. Akwai famfo a tsakar makaranta. Akwai makewayin ƴan mata daban, da ƙofa mai rufuwa. Yanzu ba za ki ga amfanin wannan ba, nan da shekara biyar za ki gani. Kuma daga ƙofar gidanmu zuwa can ba ki tsallaka hanyar manyan motoci.

Ba zan ɓoye miki raunin wurin ba. Kun yi yawa a aji, littafi ɗaya sai a haɗa yara biyu ko uku. Madam ƴar kwantiragi ce, kamar yawancin malaman firamare na ƙasar nan, ana iya canza mata wuri kafin ki kai ajinta, ana iya yajin aiki ku zauna gida. Saboda haka na ba da sunana a kwamitin iyaye mai kula da makaranta, ba zan riƙa jin labari daga nesa ba. Kuma kowane daren Juma'a za ki zauna nan inda nake zaune, in rubuta miki abin da ba ki taɓa gani ba, ki karanta mini. In kin kasa, kada ki ji kunyata, ki ce Baba ban gane ba. Ba zan ɗaga miki murya ba.

Takardar haihuwarki tana hannuna, na karɓo ta daga ofishin magajin gari tun kina jaririya. Na ga yara masu ƙoƙari sun kai CM2, ajin ƙarshe, ana ta faɗi-tashi a kotu don neman takardar da za ta ba su damar zama jarrabawa. Ke kam wannan ba zai same ki ba. Ƴan matan nan biyu da darakta ya nuna mini a rajista kuwa, sun tsaya mini a rai. Tun 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16, amma ni ban jira doka ba. Na yi wa innarki rantsuwa, yanzu ina yi miki a rubuce: muddin ina numfashi, ba mai fitar da ke daga aji don aure ko talla.

Wutar da nake rubutu da ita daga gawayin Anu Araren take. Tun farkon shekarun 1980 ma'aikatar SONICHAR ke tono shi tana ƙonawa, tana haska mu da Agadas da Arlit. Duk lokacin da na wuce ta wajen ina tunanin waɗanda suka iya lissafin injinan nan, su ma da allo da alli suka fara. A Agadas akwai makarantar koyon aikin ma'adinai ta EMAIR, akwai jami'a tun 2014. In Allah ya kai ki can, gidan kawunki yana nan, lokacin kin yi wayon da za ki zauna nesa da innarki. Yanzu kam shekararki shida, har yanzu cikin dare kina laluben zanenta.

Gobe ni zan kai ki. Na gaya wa yaron shago ya buɗe ba ni. Innarki za ta dama miki kunu da sassafe, ta yi miki addu'a a ka, mu fita kafin rana ta hau kan dutse. Idan aka tambaye ki sunanki, ki ɗaga kai ki faɗa da ƙarfi, da sunana a bayansa. Dabinon nan biyar, ki ba wadda aka zaunar kusa da ke biyu. Da tsakar rana ki duba gindin bagaruwar da ke bakin ƙofa, ina nan tsaye.

Allah ya buɗa miki, ya yi miki albarka.

Babanki